Shafin data.census.gov: gwada shi wajen bin diddigin komawar baƙaƙen fata jihohin kudu

Masu kira ga baƙaƙen fatar Amurka su koma jihohin kudu domin su riƙe ragamar siyasa suna kafa hujja da tarihi. Tsakanin 1910 da 1970 kimanin mutum miliyan 6 suka bar kudu zuwa birane irin su Chicago, Detroit da New York, alhali kafin nan su ne suka fi yawa a Mississippi da Carolina ta Kudu. Tun shekarun 1970 ƙaurar ta juya. Wanda yake son sanin ko lissafin zai fita, shafin hukumar ƙidayar Amurka ne wurin farawa. Kyauta ne, kuma shi ya maye gurbin American FactFinder da aka rufe a 2020.

Kada ka ɓata lokaci da rubuta tambaya a akwatin bincike, sakamako barkatai zai zubo maka. Rubuta lambar jadawali kai tsaye. B07004B zai nuna baƙaƙen fata nawa suka shigo jiha daga wata jiha cikin shekara guda. B05003B kuma ya ware ’yan ƙasa masu shekara 18 zuwa sama, waɗanda su ne ke da ƙuri’a. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin yawan kai daban, yawan ƙuri’a daban.

Inda shafin ya gaza shi ne jadawalin farko bai faɗin jihar da mutum ya baro. Dole ka shiga sashen MDAT, inda kake haɗa jadawali da kanka daga amsoshin ɗaiɗaikun mutane, ka haɗa MIGSP, wato inda mutum yake bara, da RAC1P, wato launin fata. Sashen yana da nawa, kuma samfurinsa kusan kashi 1 cikin 100 na jama’a ne, don haka alƙaluman ƙaramar jiha kan yi rawa. Duba gejin kuskuren da ke gefen kowane adadi a jadawalai, kada ka tsallake shi.

Akwai ramuka biyu da sabon shiga ke faɗawa. Na farko, wanda ya ce shi baƙi ne zalla daban ake lissafa shi da wanda ya haɗa jini. B02001, mai ware baƙi zalla, da B02009, mai haɗawa da masu haɗin jini, ba za su ba ka adadi ɗaya ba, kuma gwama su kan haifar da ƙaruwar ƙarya. Na biyu, jadawalan nan ƙiyasi ne daga binciken da hukumar ke yi kowace shekara, kuma ƙiyasin shekara ɗaya na wuraren da suka kai mutum 65,000 ne kawai, ƙananan gundumomi sai na shekara biyar. Na 2020 ma ba a fitar da shi yadda aka saba ba saboda korona.

Abin da alƙaluman ke nunawa yana sanyaya gwiwa kaɗan. Mississippi, wadda ta fi kowace jiha kaso, ba ta kai kashi 40 ba; Jojiya kusan kashi ɗaya bisa uku. Sai dai a Jojiya ƙuri’a 11,779 ce ta raba gardama a zaɓen shugaban ƙasa na 2020, sannan Raphael Warnock, wanda baƙar fata ne, ya ci kujerar sanatan jihar a Janairun 2021.

Shafin ba zai gaya maka wanda doka ta hana zaɓe saboda tsohon laifi ba, kamar yadda ake yi a Mississippi, kuma fursuna ana ƙirga shi ne a gundumar da gidan yarin yake. Waɗannan sai ka nemo su a dokokin kowace jiha.