Motar dare daga Legas zuwa Kano: tsaro a tasha, sakaci a hanya

Masu tambayata a kan babbar motar nan ta dare da ke lodi a wajen Ijora zuwa Kano, wadda ake ta yabo wai tafi kowa tsaro, to ga abinda na gani. Ba zan kama sunan kamfani ba, masu bin hanyar sun gane.

A tasha kam sai sam barka. Kafin ka hau sai an laluba ka tun daga hula har takalmi, mata kuma mace ce ke duba su a gefe, jaka a buɗe ta a gabanka, ka rubuta suna da lambar wani naka a takarda, sannan wani yaro ya bi layi da kyamara yana ɗaukar fuskar kowa kujera kujera. Wasu na ta tsaki wai ɓata lokaci ne, ni kuwa wannan kyamarar tafi burge ni akan ƴan sandan mobal biyun da suka zauna gaba da bindiga, domin fashin babbar mota sau da yawa da ɗan ciki ake yinsa, mutum ya sayi tikiti kamar kowa ya zauna yana ba abokansa labarin inda aka kai ta waya, to in ya san fuskarsa na ajiye a ofis dole ya sake tunani.

Kujeru ba laifi, AC na aiki har ya so yayi yawa, wajen cajin waya rabi sun mutu. Kuɗin yafi na ƙananan motoci sauƙi, kuma suna ɗaukar kaya sosai, shi yasa ƴan kasuwar Mile 12 da Alaba Rago suka fi son ta.

Wani dattijo ɗan Agege ne maƙwabcina a kujera, muna wuce Berger ya fara mita wai duk wannan laluben wahala ce kawai, a dawo da harbin ƴan fashi na Bar Beach, bakin tekun Legas, a ga in wani zai ƙara tare hanya. Yace yana saurayi lokacin da ake ɗaure ƴan fashi a jikin durom a bakin teku sojoji su buɗe musu wuta, jama'a makil kamar ranar idi. Gaskiyarsa, anyi. Gwamnatin Gowon ce ta kafa dokar hukuncin kisa kan fashi da makami a 1970 bayan yaƙin basasa da makamai suka yawaita a hannun mutane, a 1971 aka harbe ƙasurgumin ɗan fashi Ishola Oyenusi a wurin a gaban dubban ƴan kallo. Nace Baba to ai bayan Oyenusi aka yi Lawrence Anini a Benin, wanda ya addabi ƙasa har Babangida ya tambayi sufeton ƴan sanda Etim Inyang ina Anini, shima aka harbe shi a 1987, kuma a shari'arsa ne aka gano babban ɗan sanda George Iyamu na ba shi da yaransa makamai da bayanai. Bayan Anini ga wani ɗan fashin, Shina Rambo, a wannan yankin na Legas da Ogun. Harbi bai ƙarar da su ba.

Kuma dokar na nan bata je ko'ina ba, fashi ba makami shekara 21 ne mafi ƙaranci, da makami ko aka ji wa wani rauni hukuncin kisa ne. Gwamnoni ne basa sa hannu, tun waɗanda aka rataye a Edo a 2013 da 2016 sai dai a ta tara mutane a gidajen yari irin su Kirikiri suna jiran ranar da ba ta zuwa. Ɗan kwanta-kwanta a dajin Okene da ƙarfe biyun dare ba lissafin igiya yake ba, lissafinsa waye zai gane shi, waye zai zo kotu ya bada shaida. Fasinjan da aka ƙwace wa kuɗin albasa yana Kano, shari'a tana Lokoja ana ta ɗagawa, wa zai biya masa kuɗin mota? Baba dai bai yarda ba, yace ƴan boko kun cika kawo dalili, ya ja bargonsa.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. Muna fita Ibadan direba ya taka birki, kwandasta ya kwaso ƴan atachi, wato fasinjojin hanya marasa kujera, ya jera su a tsakiyar mota akan benci da buhuna, babu wanda ya laluba su, babu kyamara, babu suna a takarda, kuɗin kuma aljihunsu ya tafi ba ofis ba. Mobal na kallo ko uffan. Wallahi an sha mu, mu da muka biya cikakken kuɗi aka juye mana jaka a Ijora, ga wasu sun shigo da ƙunshin da ba wanda ya san me ke ciki, an toshe ƙofa an bar taga a buɗe. Wata hajiya tayi magana kwandasta yace mata in bata so ta sauka, a tsakiyar daji fa.

Abinda zan yaba musu a hanya shine basa tafiya su kaɗai, daga Owo zuwa Okene sai da suka jira sauran motoci aka shiga a jere, kuma direba bai tsaya ko'ina ba sai Lokoja inda aka yi sallah aka ci abinci. Tuƙinsa ma da hankali.

In kana da kaya mai yawa zan ce ka bi su, amma ka tambayi manaja a tasha gaban mutane ko suna ɗaukar atachi, ka karɓi lambar ofis, kuɗinka kuma ka zuba a akawun kafin ka hau. In da iyali ne, ni dai ƙaramar motar asuba zan saka su ko da tafi tsada.