Kayan romon dashi a wani kanti na Victoria Island

A unguwar Victoria Island da ke Legas akwai wani ƙaramin kanti mai sayar da kayan abincin Asiya, inda na samu kayan haɗa dashi, romon da Japanawa suke ɗora yawancin girkinsu a kansa, tun daga miyar miso har zuwa taliyar udon. Abu biyu ne ginshiƙinsa: kombu, busasshen ganyen teku wanda akasarinsa daga tsibirin Hokkaido yake zuwa, da katsuobushi, kifin da ake dafawa, a yi masa banda, a busar har ya yi tauri, sannan a kankare shi siriri.

Haɗin ba shi da wuya, amma ba ya son gaggawa. Ana jiƙa kombu kamar giram 10 a lita ɗaya ta ruwa na rabin sa'a, a ɗora a wuta kaɗan, a tsame shi kafin ruwan ya tafasa, domin idan ya tafasa da shi romon yakan yi yauƙi da ɗan ɗaci. Daga nan sai a zuba kifin, a sauke, a tace bayan minti biyu. Romon da ya fito garau ne, babu maiƙo, babu yaji, kuma wanda ya saba da miyarmu zai iya cewa salam yake a kurɓar farko. Daɗinsa a hankali yake zama a harshe, irin zaman da daddawa take yi a miyar kuka. Wannan ɗanɗano ne masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya gano tushensa a cikin kombu a 1908, kuma daga bincikensa aka samu Ajinomoto, farin magin da ke kasuwanninmu.

Kombun kantin mai kauri ne, da farar ƙurarsa a jiki, wadda ba a wankewa. Kifin kuwa danshin Legas yana saurin kashe masa ƙamshi, don haka ƙananan ledoji sun fi, a ajiye su a firij. Garin dashi na gaggawa da suke sayarwa bai burge ni ba, gishiri da sukari sun rinjaye shi.

Kayan suna da tsada, kuma bayanin wasu ledojin da Japananci kawai yake. Wannan ya dame ni, saboda kombu da kifi halal ne, amma wasu romon kwalba akan sa musu giyar shinkafa, mirin ko sake. Ma'aikaciyar kantin ta yi haƙurin duba mini kowace kwalba, duk da haka busassun kayan kaɗai nake ba da shawarar a saya.