Shayin "kashe yunwa" da ake talla: tauraro ɗaya na ba shi

Jama'a wannan shayin rage ƙiba da ya cika intanet, wanda aka rubuta a kwalinsa wai yana "kashe sinadarin yunwa", na saya na sha, ga abin da na gani. Ƙamshinsa ba laifi, ɗacinsa kaɗan ne, kuma an ɗaure shi a 'yan jakunkuna masu kyau. Yabon ya ƙare a nan.

Ka sha da dare, kafin asuba ciki ya fara murɗawa kana zarya banɗaki. Da na karanta abubuwan da aka haɗa, can ƙasan kwali da ƙananan haruffa, sai ga ganyen filasko, to ai wannan maganin wanke ciki ne, ruwa yake fitar maka ba kitse ba, shi ya sa sikeli zai nuna ka ragu sai ka sha ruwa nauyin ya dawo abinsa. Yunwa kuwa tana nan daram, wallahi har ta fi da.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaryar sinadarin. Eh akwai shi, sunansa girelin, masana a Japan, Kojima da Kangawa, suka gano shi a 1999. Yawancinsa tumbi ne ke samar da shi, idan ciki ya zama wayam sai ya ƙaru a jini ya je ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da ci, ka ji kamar ka cinye duniya, kana cin abinci kuma ya sauka. Har lokacin da ka saba ci ya sani, agogo na kaiwa yake tashi. Abokin hamayyarsa leptin kitsen jiki ne ke fitar da shi, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya a kwantar da hankali.

Ga inda masu tallan ba sa faɗa: in ka rame ta hanyar hana kanka abinci, girelin ƙaruwa yake, leptin ya ragu, jiki yana neman maido abin da ya rasa, kuma ba rashin haƙurinka ba ne. Abin da ke rage girelin sosai sai irin tiyatar da likitoci ke yanke babban ɓangaren tumbi, to ina shayi ina wannan?

Ga rashin barci, shi ma yana ɗaga girelin, kuma wannan shayi da kansa yake hana ka barci da zaryar dare. Ni dai abinci mai furotin (sinadarin gina jiki) da safe da barci isasshe sun fi riƙe min ciki. Mai ciki da mai ciwon hanji ko ƙoda kar ma su kusance shi sai likita ya yarda.