Hattara da masu tallar "motar demo" a kan biyan wata-wata a Kano

Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace nake wannan rubutu, domin ƙanena da muke ciki ɗaya ya yi asarar naira miliyan 4 da dubu 900 cikin wata uku, kuma har daren jiya tallar waɗanda suka cinye kuɗin tana yawo a Facebook da TikTok.

Bidiyo ne na wata Corolla fara tas, ana zagaya ta da kyamara, wani yana cewa motar demo ce daga kamfani, ko kilomita 6,000 ba ta yi ba, ka ajiye kafin alƙalami ka ɗauka, ka riƙa biya wata-wata, bayan shekara uku ta zama taka.

Ita motar demo akwai ta da gaske, shi ya sa ƙaryar take shiga. Mota ce sabuwa da babban dilan kamfani yake warewa don masu son saye su ɗana, ko ya ara wa wanda ya kawo tasa gyara kafin a gama. Bayan wasu watanni sai a sayar da ita ko a ba da ita haya da rangwame, tunda an ɗan taka ta. A Amurka da ƙasashen Turai wannan sananniyar harka ce, kuma ko a can mai hankali yakan tambayi ranar da aka fara aiki da motar, don galibi garantinta daga ranar yake fara ƙirguwa, ba daga ranar da ka karɓa ba. To mu nan fa? Yawancin motocin da ke bin titin Zariya da Zoo Road 'yan Beljiyam ne, sun shigo ta Legas ko Kwatano bayan sun sha aiki a wata ƙasa. Masu sayar da sabuwa dal ba su da yawa, kuma kowannensu 'yan ƙalilan yake warewa na gwaji. Mutum ɗaya ya ce yana da demo goma sha biyu, kowane launi kake so, ina ya samo su?

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin mota ya fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa. Ƙanena yadi yake sayarwa a Kantin Kwari, 'ya'yansa huɗu, kullum a adaidaita sahu suke zuwa makaranta. Da ya kira ni murya na rawa ya ce, "Yaya, Allah Ya kawo mana sauƙi."

A harabar wani otal a Nasarawa ya haɗu da masu tallar, wai ofishinsu ana gyara. Mutumin ya sha shadda da hula zanna, yaransa biyu suna ta "ranka ya daɗe, Alhaji". Takardar yarjejeniya shafi biyu ce, an buga mata hatimi. Miliyan 4 na kafin alƙalami kuwa asusun wani mutum aka ce ya tura, ba na kamfani ba, wai na kamfanin yana da matsala a ranar. Aka miƙa masa kwafin takardun mota da mabuɗi guda ɗaya, aka ce na asali da ɗaya mabuɗin sai ya gama biya. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta rufe masa ido, saboda a haya ta gaskiya ma mota tana nan a matsayin mallakar mai bayarwa har a kammala. Abin da bai tambaya ba shi ne, shin mai bayarwar shi ne mai ita?

Ni ma ina da nawa laifin, kuma yana damuna. Ranar da ya kawo ta gida na leƙa, na ga robar birki ta cinye har ƙarfe ya fara bayyana, sitiyari ya yi santsi. Motar da ba ta yi kilomita 6,000 ba ba ta yin haka. Na ga yara suna ta murna, na ja bakina na yi shiru.

Ya biya dubu 450 sau biyu. A wata na uku ya ajiye ta ya shiga sallar Juma'a, ya fito babu mota. A ofishin 'yan sanda gaskiya ta fito. Motar ta wani bawan Allah ce mai ba da hayar motoci, "Alhajin" ya karɓa a hannunsa haya ta wata-wata, ya biya na farko ya ɓace. Mai ita ya bi ta da na'urar bin sawu da ya saka mata, ya zo da mabuɗinsa ya ɗauki kayarsa, ga takardun kwastam da na mallaka na asali a hannunsa. Shi ma yana bin "Alhajin" bashi. Da aka duba lambar shasi sai ga ta, an yi gwanjonta a Amurka bayan haɗari, kuma tafiyar da aka rubuta mata a lokacin ta ninka abin da mitar take nunawa sau da yawa. Juya mitar aka yi.

Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi, don Allah kafin ko kwabo ya fita, ya nemi sunan kamfanin da aka ce motar ta fito, ya je da ƙafarsa ya tambaye su ko sun san ta. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. A gwada ta da wadda ke takardun asali, ba kwafi ba, a kuma bincika tarihinta a intanet. A tafi da bakanike naka na kanka, irin na Ƙofar Ruwa da ba a yi musu wayo da sabon fenti. Sunan kamfani da lambar rajistarsa ana iya dubawa a shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, kuma asusun da za a tura kuɗi ya zo da sunan nan daidai. In sunan da ke takardar mota daban, na mai ba ka haya daban, tashi ka tafi.

Mai son biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin ijara, wato haya, da murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ribar da kuka amince. Za su wahalar da kai da tambayoyi da takardu, amma suna da ofishin da za ka koma gobe ka same su.

Maganar ƙanena tana hannun 'yan sanda, mun kuma kai koke ofishin EFCC na Kano. Kuɗin adashinsa ne da sarƙar gwal ɗin matarsa. Lambar wayar da ke tallar sun canza ta, amma bidiyon shi ne dai, farar Corolla a harabar otal, da muryar nan mai cewa saura guda uku kacal. Wanda ya riga ya tura musu kuɗi kada kunya ta hana shi magana, ya adana rasit da saƙonnin da suka yi, ya kai rahoto yau.