Gargaɗi ga masu tara tsofaffin komik na kaboyi: a kula da masu tallan "kayan gado"

Jama'a masu tara tsofaffin littattafan komik, a yi hattara da wani salon damfara da ke yawo a Facebook da Instagram, har ma da eBay. Mutum zai fito da hotuna ya ce kakansa ne ya rasu ya bar akwati cike da komik na kaboyi, shi bai san darajarsu ba, kuɗi yake nema da gaggawa. A cikin tarin za ku ga su Roy Rogers da Gene Autry da Lone Ranger na gaske, masu araha, sannan a tsakiya an cusa guda ɗaya mai tsada, irin Action Comics na 1 ko Detective Comics na 27. Na arahar su ne ke kwantar wa mai saye da hankali, kuɗin kuma a kan gudan nan ake karɓa.

Action Comics na 1 ya fito ne a 1938, kuma a Afrilun 2024 an sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6 a gwanjon kamfanin Heritage na Amurka. Duk wanda zai iya buɗe shafin talla zai iya gano wannan cikin minti ɗaya, don haka rashin sanin da mai tallan yake nunawa na ƙarya ne. Abin da yake riƙe da shi, galibi, bugun 1974 ne da DC, kamfanin da ke da Action Comics, ta sake yi da sunan Famous First Edition. An buga shi daidai da na asali har da tallace-tallacen ciki, aka lulluɓe shi da wani bango mai kauri wanda ke bayyana cewa sabon bugu ne. Macuta sai su cire wannan bango na waje. Abin da ke tona musu asiri shi ne girma: bugun 1974 ya kai kusan inci 10 a faɗi da sama da inci 13 a tsawo, alhali komik na zamanin 1938 bai kai inci 8 a faɗi ba, tsawonsa kuma inci 10 ne da ɗoriya. Ku ce a ɗora abin awo a kai a ɗauki hoto. Wanda ya fara kame-kame, ku rabu da shi.

A ɓangaren kaboyi ƙaryar ta fi laushi, shi ya sa ta fi cin mutane. Na farko-farko irin Western Picture Stories da Star Ranger, waɗanda suka fito a 1937, da Red Ryder na 1 na 1940, da Hopalong Cassidy na 1 na 1943, lallai suna da wuyar samu. Amma komik ɗin da kamfanin Dell ya riƙa bugawa a shekarun 1950, masu hoton jarumin fim a bango, an buga su da yawan gaske, kuma matsakaicin kwafi ba ya tsada a yau. Tsufa kaɗai ba ya sa littafi daraja. Kada ku auna farashi da abin da masu talla suke nema. Ku duba abin da aka riga aka sayar, a ma'ajiyar gwanjon Heritage ko a jerin cinikin da aka kammala a eBay.

Akwai kuma bugun Ingila. Kamfanin L. Miller & Son sun sake buga kaboyin kamfanin Fawcett na Amurka, World Distributors kuma suka buga na Dell. Abin tarawa ne mai kyau, amma ba shi ne bugun Amurka ba, kuma farashinsa daban ne. Za ku ga kuɗin Ingila a bango, kamar 6d (wato sisi), maimakon senti 10, cikin na Miller kuma yawanci baƙi da fari ne. Idan kun ga an karce ko an shafe wurin farashi, to da dalili. Ku nemi hoton ƙananan rubutun nan da ke ƙasan shafin farko ko cikin bango, inda ake sa sunan mai bugawa da shekara da lamba. Littafin da ke ɗauke da layukan lambar kanti (barcode) a bango bai girmi tsakiyar shekarun 1970 ba. Tambarin Comics Code, hukumar tace komik ta Amurka, kuma bai fara bayyana ba sai bayan kafa hukumar a 1954, Dell ma ba ta taɓa sa shi ba.

Inda aka fi yin asara shi ne littafin gaske da aka yi wa gyara aka ɓoye. Ana ɗaukar alƙalami mai launi a cike wuraren da suka koɗe a gadon bayan littafi, musamman baƙi da ja. Ku buɗe bango ku duba ta ciki daidai wurin: tawadar alƙalami tana ratsa takarda ta bar ɗigo, tawadar maɗaba'a ba ta yin haka. Fitilar UV a ɗaki mai duhu tana nuna gam da wasu launukan da aka ƙara, ko da yake ba duka take kamawa ba. Ana kuma yanke gefe da reza don a kawar da yagewa. Alamar ita ce gefen ya yi fari da kaifi alhali sauran takardar ta yi rawaya. Ku duba ƙusoshin tsakiya: idan suna ƙyalli amma takardar da ke kewaye da su akwai tabon tsatsa, an canza su, ƙila ma bangon daga wani kwafi aka ɗauko. Idan ramukan bango ba su hau kan na ciki ba, haka zancen yake. Bangon da aka buga da firinta kuwa, madubin ƙara girma mai ninki 10 zai nuna shi, domin launin tsohon bugu ɗige-ɗige ne a jere cikin tsari, na firintar gida kuma yayyafi ne barkatai.

Sai ƙirgen shafuka, wanda mutane da yawa ke kasalar yi. Komik na farko suna da shafi 64 ban da bango, daga baya aka rage zuwa 48, sannan 32. Ku ƙirga ganye daga farko har inda ƙusoshi suka bayyana: 16 ga mai shafi 64, 12 ga mai 48, 8 ga mai 32. Idan ya gaza da ɗaya, ganyen tsakiya ya fita, kuma shi ne ya fi saurin ɓallewa. Adadin shafin kowace fitowa yana nan a shafin intanet na Grand Comics Database.

Wasu za su ce ai a sayi wanda ke cikin robar CGC, kamfanin da ke tantance komik ya ba shi maki ya rufe shi a roba, a huta. Ya fi aminci, amma a karanta takardar da ke saman robar. Shuɗiya tana nufin ba a ga gyara ba, mai ruwan shanshanbale tana nufin an gyara, koriya kuma akwai wata tawaya, kamar takardar talla da aka yanke. Ku sa lambar shaidar a shafin CGC ku tabbatar suna da lamba da maki sun dace, domin ana satar lamba ta gaske a buga a takardar jabu. A ƙarshen 2023 an gano ana buɗe robar a musanya littafin da wanda bai kai shi ba, har CGC ta fitar da jerin ɗaruruwan lambobin da abin ya shafa. Saboda haka ku gwada littafin kansa da tsohon hotonsa idan ya taɓa shiga gwanjo: kowace lanƙwasa da tabo su kasance a wurinsu. Ku kuma duba gefunan robar ko akwai tsagewa ko alamar gam.

Wanda ya ce muku jarumin fim Roy Rogers ko Gene Autry ya sa hannu a littafin a gaban wakilin CGC, maƙaryaci ne. Dukansu sun rasu a 1998, CGC kuwa sai a 2000 ta fara aiki.

Wajen biya ne ake kammala cutar. Mai tallan zai ce ku fita daga eBay don a kauce wa kuɗin kamasho, ku tura ta banki kai tsaye, ko kirifto, ko katin kyauta, ko PayPal ta hanyar 'yan'uwa da abokai. Duk waɗannan ba su da kariyar mai saye, kuɗin da ya tafi ya tafi. Ku biya ta cikin eBay ko ta hanyar sayen kaya ta PayPal kawai. Kafin nan, ku sa hotunansa a Google Lens, manhajar binciken hoto, domin da yawa daga shafukan gwanjo ake kwaso su, sannan ku nemi ya ɗauki bidiyo yana buɗe littafin shafi-shafi, da takarda a gefe mai ɗauke da sunanku da kwanan watan ranar da rubutun hannu. Idan kayan ta hannun wani za su biyo kafin su iso gare ku, ku sa ya buɗe kunshin a gaban kyamara ranar da ya karɓa, domin wa'adin ƙorafi na eBay kwana 30 ne daga isar kaya adireshin da aka rubuta.