Gargaɗi kan matar da ke cire wa yara ƙarfen gyaran haƙori a Legas

Jama'ar Agege, Idi-Araba, Obalende da duk inda Bahaushe yake a Legas, ku yi hattara da wata mata da ke tallata kanta a Instagram da WhatsApp a matsayin likitar haƙori, tana cewa za ta cire wa yara ƙarfen gyaran haƙori ta musanya musu da roba mai garai-garai wadda ba a ganinta a baki. Naira 650,000 ta karɓa a hannuna, kuma ba kuɗin kaɗai suka tafi ba, har da ɓawon haƙoran 'yata, wato farin rufin nan mai tauri da ke kare haƙori, wanda idan ya tafi ba ya sake tsirowa.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, a sani cewa sai da na bincika. Sauyawa daga ƙarfe zuwa roba abu ne da likitoci ke yi da gaske, kuma Invisalign da take ambata sanannen sunan irin wannan robar ne. Yarinyar tana da shekara 16, wayar ƙarfen tana yanka mata kunci, 'yan ajinsu suna yi mata ba'a, har ta kai ba ta dariya sai ta rufe baki da hijabi. Wace uwa ce za ta ga haka ta naɗe hannu? Matar nan kuwa tana da farar riga, tana da takardar shaida a jikin bango, kuma da Hausa ta tarbe ni. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, 'yarki 'yata ce, ba zan yi mata abin da ba zan yi wa tawa ba." Wannan maganar ce ta hana ni barci har yau. Tana faɗin haka tana kallon cikin idona, ni kuma ina sa mata albarka.

Naira 400,000 na fara tura mata na robar, sannan 150,000 na cire ƙarfen, daga baya ta kira ni da dare ta ce kaya sun maƙale a hannun kwastan, sai an biya 100,000. Idan aka haɗa, 650,000 ke nan, kuɗin adashe da ribar atamfa.

A gabana ta cire ƙarfen. Da wata filaya ta riƙa finciko ƙananan ƙarafan da ke manne a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarar ɓallewarsu, yarinyar tana damƙe da hannun kujera tana hawaye. Da ta gama, ta kankare ragowar gam ɗin da wani inji mai ƙara, sannan ta zura wani siririn zarto tsakanin haƙoran gaba ta yi ta gogawa, wai tana buɗa wa robar wuri. Da na ce, "Likita, anya wannan bai yi yawa ba?" sai ta yi murmushi ta sake cewa 'yata 'yarta ce. Na manta ban faɗa ba, tun ranar farko ba ta nemi hoton ƙashin muƙamuƙi ba, ba ta kuma tambayi takardun asibitin da aka sa ƙarfen ba, ta ce wai hoton da aka ɗauka da waya ya wadatar, kuma wata maƙwabciyata ce ta turo mini shafin nata, ita ma a talla ta gani.

Robar da ta iso guda biyu ce, iri ɗaya, ko zama a baki ba ta yi. Kafin nan ma ta ba mu wani farin gari mai tsami, ta ce a riƙa goge fararen tabon da ke kan haƙoran da shi safe da dare. Yanzu yarinyar ba ta iya shan ruwan sanyi, ko iska ta shiga bakinta sai ta zabura. Ɗakin da matar take aiki a saman bene a Ikeja an sa masa kwaɗo, lambarta ba ta shiga, ta kuma toshe ni a ko'ina.

Mun je sashen haƙori na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, kuma a can na ji abin da ya ƙara ƙona mini rai. Likitan ya ce goge tsakanin haƙora ana yinsa, amma da awo, galibi bai wuce rabin milimita ba a tsakanin haƙori biyu. Ya ce robar gaskiya jeri ce mai yawa, kowace ta ɗan bambanta da wadda ta gabace ta, ana sauya ta duk mako ɗaya ko biyu, ana kuma sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, sannan ba kowace karkatar haƙori take gyarawa ba. Fararen tabon nan kuwa alama ce ta ɓawon da ya fara rauni saboda dattin da ke taruwa a gefen ƙarfe, man goge baki mai sinadarin fulorayid suke buƙata, abu mai tsami ƙara cinye su yake yi. Ga shi tunda aka cire ƙarfen ba a sa abin da zai riƙe haƙoran ba, sun fara komawa yadda suke a da. Na biya 650,000 an rushe aikin da na riga na biya wa kuɗi tun farko, kuma cikon da za a yi wa haƙoran gaba wani sabon lissafi ne.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin banki guda uku da saƙon muryarta na maganar kwastan duk suna hannuna, kuma zan saka su da zarar na gama da ofishin 'yan sanda. Kada ku bari kowa ya taɓa ƙarfen bakin ɗanku sai likitan da ya sa shi ko wani ƙwararren da ya ga takardunsa, ku kuma nemi lambar rajistarsa ta hukumar likitoci, wato MDCN, kafin ku tura ko sisi. Duk wadda matar nan ta taɓa karɓar kuɗinta ta yi mini magana ta akwatin saƙo, domin a haɗa ƙorafin wuri guda.