Hayar mota a Arewacin Saifurus: ra'ayina kan kamfanin da nake karɓa, da batun tara da jan mota

Duk lokacin da bikin yaye ɗalibai ya matso sai tambaya ɗaya ta yi ta yawo tsakanin ƴan uwa da ke karatu a nan, wai ina ake samun motar haya mai sauƙi tunda iyaye za su zo, to bari in faɗi abin da na sani kan wani ƙaramin kamfani da ke Lefkosha, babban birnin yankin, wanda nake hulɗa da su, ba zan kama suna ba saboda akwai abin yabo akwai kuma ƙorafi, amma duk abin da zan faɗa zai yi maka amfani ko a ina ka je ka karɓa. A ganina farashin kwana ɗaya ba shi ne abin dubawa ba, don kusan duk farashinsu ɗaya ne, abin dubawa shi ne ya za su yi da kai ranar da takardar tara ta fito ko ranar da aka ja motar.

Motocinsu dai ba laifi. Ƙananan motocin Japan ne irin su Honda Fit da Nissan March, sitiyari a dama, yawanci otomatik, kuma na'urar sanyaya motar na aiki wanda a watan Yuli a tsibirin nan ba ƙaramin abu ba ne. Da fam na Ingila suke yanka farashi duk da cewa lirar Turkiyya ake kashewa a gari, haka abin yake a nan har kuɗin hayar gida, kuma da bazara kuɗin yana tashi. Mota ɗaya ce na taɓa mayar musu tun kafin in fita daga harabar, warin taba ya kama kujerun sosai ga shi Hajiya zan ɗauko daga filin jirgin Ercan, yaron da ke wajen bai yi musu ba ya canza min wata. Mai kuwa kusan babu komai a tanki suke ba ka, ka dawo da ita yadda ka ga dama, wato duk abin da ka bari a ciki ya zama nasu, don haka kar ka cika tanki ranar ƙarshe.

Abu na farko da baƙo zai sani, a hagu ake tuƙi, gadon Turawan Ingila ne da suka mulki tsibirin har 1960, kuma ko da aka raba tsibirin biyu a 1974 kowane ɓangare ya ci gaba da tuƙinsa a hagu. Wanda ya saba da titin Kano ko Kaduna a miƙaƙƙen titi ba ya shan wahala, a shataletale ake gane shi, musamman na Gonyeli da ke bakin Lefkosha da safe, ka duba dama ka ba wanda ke ciki hanya. Motar haya kuma lambarta ja ce tana farawa da harafin Z, kowa ya hango ka ya san baƙo ne, wasu direbobin su ɗan yi maka uzuri, ɗan sanda ma daga nesa ya san wa ke tafe.

Yanzu maganar gudu. Cikin gari kilomita 50 a awa ne, a manyan hanyoyi irin ta Lefkosha zuwa Magusa akwai inda ake kai 100, amma inda ake cin mutane shi ne wuraren da allo ke saukowa 65 kana tsakiyar tafiyarka, kusa da mahaɗa ko ƙauye, kuma a daidai nan kyamara take tsaye. Ba a ɓoye suke ba gaskiya, akwai allon gargaɗi kafin ka iso, sai dai mutum yana hira da baƙi yana nuna musu duwatsu shikenan ta ɗauke shi. Za ka ga ƴan gari suna sheƙa gudu sai su taka birki dab da kyamara su wuce su sake takawa, kar ka bi su, su sun haddace wuraren kai ba ka haddace ba, ga kuma ƴan sanda da ke tsayawa da na'urar hannu a inda babu kyamarar. Tarar kuma an ɗaura ta ne a kan mafi ƙarancin albashi, wani kaso ne daga cikinsa gwargwadon yawan gudun da ka ƙara, shi ya sa duk sanda gwamnati ta ƙara albashi tara ma sai ta bi shi, in wani ya ce maka bara kaza ya biya to bana ba haka ba ne. Bayan kuɗi akwai maki da ake rubuta wa lasisi, in ya taru ya kai 100 sai a karɓe lasisin na wani lokaci. In ka yi jinkirin biya kuma kuɗin ƙaruwa yake.

To a nan ne na samu matsala da kamfanin. Ita kyamara lambar mota ta sani ba ta san direba ba, takarda wajen mai mota take zuwa, su kuma su duba wa ke riƙe da motar a ranar. Saboda haka suke riƙe kuɗin ajiya bayan ka dawo da mota har sai sun tabbatar babu tara, wannan ban ga laifinsu ba. Amma bayan su Baba sun koma gida sai ga saƙo a WhatsApp wai an samu tara a motar za su cire daga kuɗina, babu hoto babu takarda, adadi kawai. Na je ofis na ce a nuna min takardar. Matar da ke kan tebur ta ce sai manaja ya zo, manaja ya zo ya ce takardar na wajen akawu, na ce to zan jira akawun. Aka kawo min shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas ɗin nan, na sha, aka sake kawowa. Da takardar ta fito ranar daidai ce amma lokacin ƙarfe tara da ƴan mintuna na safe, a hanyar Girne, garin da ke bakin teku a arewa, ni kuwa a takardar yarjejeniyata an rubuta na karɓi mota bayan azahar, wato wanda ya dawo da ita da safen ne ya yi gudunsa. Manajan ya duba ya sake dubawa ya dafa ƙirji ya ce a yi haƙuri ɗan uwa, a take ya ƙirgo min kuɗina cif. Na yaba da bai tsaya jayayya ba, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne da ban je ba fa? Ɗalibi nawa ne za a turo wa irin wannan saƙon ya ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri ya haƙura, balle wanda ya riga ya hau jirgi. Ban ce da gangan suka yi ba, na fi zaton rana kawai suke dubawa ba sa duba awa, sai dai sakacin a aljihun wani yake ƙarewa. Don haka ka sa a rubuta maka awa da minti na karɓa da na dawowa, ka ɗauki hoton takardar, kuma kar ka yarda a cire ko sisi sai ka ga takardar tarar da idonka.

Inda suka burge ni shi ne takardun mota. Ƴan sandan nan in sun tare ka ba surutu, lasisi, inshora, harajin hanya, takardar gwajin lafiyar mota, wani lokaci da dare su ba ka abin hurawa na gwajin giya, in komai ya cika su miƙo maka su ce ka tafi. In motar ba ta da inshora ko gwajinta ya ƙare to a nan za ta kwana a hannunsu, kai kuma ka nemi tasi. Shi ya sa nake jin tsoron masu cewa ga wani ɗalibi yana ba da hayar motarsa da araha, mota mai farar lamba ba ta haya ba ce, in aka yi hatsari inshora ba ruwanta da kai. Motocin kamfanin nan kuwa duk takardun na cikin aljihun gaba a leda ɗaya, an tare mu a hanyar Magusa da yamma muna dawowa daga masallacin Lala Mustafa Pasha, ko minti biyar ba mu yi ba. Baba yana gaba yana ta kallon ikon Allah, da muka wuce ya ce, "Kai Auwalu, shikenan? Bai ce a ba shi na ruwa ba?" Na ce Baba a nan in ka miƙa ma kai za ka kwana a ciki. Kuma don Allah kar wanda ya gwada, ko da wasa.

Sai jan mota, wanda iri biyu ne kuma mutane na haɗa su. Akwai wanda mota ta lalace kamfani ya turo a ɗauke ta, akwai wanda hukuma ta ɗauke saboda ka ajiye inda bai dace ba. Na farkon yana cikin kuɗin hayarka a wajen waɗannan, kuma na ga aikinsu. A hawan dutsen da ke tsakanin Lefkosha da Girne, kafin a kai mararrabar da ke hawa zuwa tsohuwar ganuwar St Hilarion, allurar zafi ta haura sai tururi ta gaban mota, na samu gefe na tsaya na kira lambar da ke jikin makulli. Mutumin ya ɗauka bugu ɗaya, ya ce in turo masa inda nake ta waya, in kunna fitilun gargaɗi, kar in buɗe murfin ruwa. Motar ɗaukar ta iso tare da wani yaro da ya tuƙo mana wata motar a baya, muka kwashe kaya da kulolin abincin Hajiya muka ci gaba, ba su ce in biya komai ba kuma suka ƙara min rabin yini. Jiran ya ɗan yi tsawo cikin rana, Hajiya ta yi ta salati tana fifita da gefen mayafi, amma dai sun zo. A wannan yankin kuma ka kula akwai wuraren sojoji da alluna ke hana tsayawa da ɗaukar hoto, in mota za ta iya ɗan gangarawa gara ka wuce su tukuna.

Na biyun kuwa babu ruwan kamfani, kuma sun rubuta shi a yarjejeniya sai dai da ƙananan haruffa, ba kuma wanda zai karanta maka. Wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Girne da cikin ganuwar Lefkosha lunguna ne matsattsu da aka gina tun kafin a san mota, ga titin Dereboyu na Lefkosha da dare ba masaka tsinke. Layin rawaya biyu a gefen titi ba a ajiye mota, haka kan hanyar masu tafiya a ƙasa, haka wurin naƙasassu, haka bakin ƙofar mutane. Ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka fi bin wannan, su manna maka takarda a gilashi, in ka tare hanya kuma a ɗauke motar gaba ɗaya. Wani abokina da ya karɓi mota a wajensu ya ajiye ta a bakin wani lungu a Girne ya shiga cin kifi da baƙinsa, ya fito wayam, ya kira ni hankali a tashe wai an sace motar haya. Na ce Malam kwantar da hankalinka ka fara kiran kamfanin. Cikin ɗan lokaci suka gano inda aka kai ta, suka faɗa masa inda zai je ya biya, kuma suka turo takardar da ke nuna motar tasu ce shi ne mai haya, wanda ba don ita ba da ya sha zirga-zirga. Amma tara shi ya biya, kuɗin ɗauka shi ya biya, kuma awannin da motar ta yi a tsare duk an lissafa masa a haya. Wannan na ƙarshen na ga kamar da sun ɗan sassauta, tunda abokin ciniki ne mai dawowa, amma haƙƙinsu ne. Ga wuraren ajiye mota na kuɗi nan birjik kusa da tashar, abin da za ka ba su bai kai kuɗin shawarma ba.

In an yi karo ko da ɗan gogawa ne kar ka matsar da mota, ka kira ƴan sanda a 155, in akwai rauni 112, sannan ka kira kamfani, don in babu rahoton ƴan sanda inshora ba za ta saurare ka ba. Wanda ba a rubuta sunansa a yarjejeniya ba kar ka ba shi tuƙi ko yayanka ne, ƙara suna ba wuya, lasisinsa da fasfo kawai za su ɗauki hoto. Kuma motarsu ba ta tsallakawa ɓangaren kudu na tsibirin ta mashigar iyaka ta Metehan, sun faɗa tun farko, mu da muka shigo ta Ercan da fasfo ɗin Najeriya ma dama ba tsallakawar muke ba. In za ku Karpaz, can ƙarshen arewa maso gabashin tsibirin, kallon jakunan jeji ku sha mai tun a hanya, gidajen mai na yin nisa da juna can ciki, kuma jakunan har tagar mota suke zuro kai neman abinci, a rage gudu.

Lasisin Najeriya sun karɓa daga hannun yayana da ya zo ziyara, amma ni mai takardar zama sai da suka nemi na nan, kuma suna duba shekaru, ƙanana sosai ba sa ba su. In maki zan bayar, lafiyar mota da takardu da ɗaukin gaggawa huɗu cikin biyar, lissafin tara da riƙon kuɗin ajiya biyu, shi ma don sun dawo min da kuɗina ba rigima. Zan sake karɓa a wajensu in su Yaya sun zo da hunturu, na riga na faɗa wa manajan a gaban matar teburin cewa wannan karon da hannuna zan rubuta lokacin karɓa, ya yi dariya ya ce ba damuwa.